Kalmar da ta sa na mayar wa dattijo kuɗinsa

Shagona yana kan titin Bauchi a Jos, kuma ba wani babba ba ne: kwamfuta biyu, injin fotokwafi ɗaya, sai janareta mai cinye rabin riba. Muna buga takardu, muna rubuta wa mutane wasiƙu, amma fassara tsakanin Turanci da Hausa ita ce ke riƙe da shagon. Da shafi nake yanke kuɗin aiki, sai dai wani shafin kalma ɗaya ce za ta zaunar da kai awa guda. "Complicate" na cikin irinsu.

Asalinta daga Latin ne, inda take nufin naɗe abubuwa wuri guda, kamar zaren da ya harɗe. Abu na tafiya salin alin, sai wani abu ya shigo ya ƙara masa wuya, to nan ne wurinta. Mu kuwa muna da dagula, da rikita, da cukurkuɗa, kowacce da inda take zama. Idan lauya ya rubuta cewa rashin sa hannun magada zai "complicate" cinikin fili, dagula nake sawa. Idan kuwa ciwon da ake da shi ne ya ƙaru, wannan aikin "aggravate" ne ko "exacerbate", wato tsananta ko ta'azzara. Yara masu shirin WAEC kullum sai sun cakuɗa su, har wasu malamansu ma.

Wata rana wani dattijo mai sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada ya kawo takardar asibiti ta matarsa. Ba na nan. Yaron shagona ya ga "complications", ya rubuta "rikici". A Jos kuwa, tun rikicin da aka yi a garin a Satumbar 2001, ba a jefa wannan kalma haka kawai. Sai ga dattijo ya dawo hankali a tashe.

"Malam, wane rikici kuma aka yi a ɗakin haihuwa?"

Na jawo masa kujera. "Baba, kwantar da hankalinka, ba faɗa aka yi ba. Hawan jini ne ya haɗu da naƙuda ya kawo matsala, ga shi nan sun rubuta an shawo kanta."

Na mayar masa da kuɗinsa, na sake buga takardar. Tun daga ranar, takardar asibiti ko ta kotu ba ta fita shagon sai na karanta ta da idona. Ko na tafi kasuwar Terminus sayen tawada, sai dai mai ita ya zauna a benci ya jira ni.