Gierek, mai haƙar kwal da ya riƙe Poland shekara goma

Kwana biyun nan Edward Gierek ya tsaya min a rai, wato mutumin da ya shugabanci jam'iyyar kwaminis ta Poland daga 1970 zuwa 1980, kuma gaskiya har yanzu na kasa tsanarsa, na kuma kasa wanke shi.

Ku duba yadda ya taso fa. A 1913 aka haife shi a yankin Sosnowiec, yana ɗan shekara 4 mahaifinsa ya rasu a haɗarin ramin kwal, uwar ta sake aure suka yi ƙaura zuwa Faransa, shi ma yana shekara 13 ya shiga rami. Yaron da ko gemu bai fara ba, a ƙarƙashin ƙasa cikin duhu da ƙura. A 1931 ya shiga jam'iyyar kwaminis ta Faransa, a 1934 hukumomin Faransa suka koro shi gida saboda yajin aiki, daga baya ya wuce Beljiyam ya koma ramin dai, can ƙurar kwal ta lalata masa huhu. Sai 1948 ya dawo Poland gaba ɗaya, ya yi ta hawa har ya zama shugaban jam'iyya na Katowice a 1957, inda ya kafu sosai har mutane suka riƙa kiran yankin da Katanga, sunan lardin ma'adinai na Kongo da ya taɓa ɓallewa.

Abin da ya kawo shi sama jini ne. A Disamba 1970 gwamnatin Władysław Gomułka, shugaban jam'iyyar na lokacin, ta ƙara kuɗin abinci ana dab da Kirsimeti, ma'aikatan kamfanonin ƙera jiragen ruwa a Gdańsk da Gdynia da Szczecin suka fito, sojoji suka buɗe wuta, aka kashe mutum sama da 40. Ranar 20 ga wata aka sauke Gomułka aka ɗora Gierek. To nan ne wurin da ya fi taɓa ni wallahi, don a Janairu 1971 shi da ƙafarsa ya je Szczecin wajen masu yajin aikin, ya zauna da su sa'o'i har cikin dare suna faɗa masa maganganu masu zafi yana saurare, washegari ya wuce Gdańsk ya tambaye su, za ku taimaka? An ce sun amsa da za mu taimaka. Mutanen da ba su daɗe da binne 'yan uwansu ba kenan, amma suka yarda da shi saboda sun ga ya san menene aikin ƙarfi.

Sai ya koma cin bashi daga ƙasashen Yamma, lissafinsa shi ne a sayo injina a gina masana'antu, a sayar da kayan a waje a biya. Kuma a farko abin ya yi kyau, ba ƙarya, albashi ya ƙaru, nama ya samu a shaguna, an gina gidaje rututu, ga babbar tashar jirgin ƙasa ta Warsaw a 1975, ga katafaren kamfanin ƙarfe na Huta Katowice, ga 'yar ƙaramar motar nan Fiat 126p da suke kira Maluch wadda iyali za su cusa kansu ciki da kaya a sama su tafi hutu. Amma rikicin man fetur na 1973 ya rage cinikin Turai, kayan Poland ɗin ma ba su kai ingancin da ake so ba, bashi kuwa yana ta haihuwa har ya haura dala biliyan 20 zuwa 1980.

Inda na fi jin haushinsa shi ne Yuni 1976. Aka sanar da ƙarin farashi, sukari ma ninki biyu, ma'aikata a Radom da Ursus da Płock suka tashi, gwamnati ta janye ƙarin nan take amma ta bi su da kamu da kora daga aiki, 'yan sanda su yi layi biyu riƙe da kulake a sa mutum ya bi ta tsakiya ana jibgarsa. A mulkin wanda aka taɓa kora daga wata ƙasa saboda yajin aiki fa! Wannan ban ga uzurin da zan ba shi ba.

A 1980 da nama ya sake tsada yajin aiki ya bazu har Gdańsk inda Lech Wałęsa ya fito a matsayin jagoran ma'aikata, wannan karon ba a yi harbi ba, gwamnati ta sa hannu ranar 31 ga Agusta aka yarda da ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta, kuma na ba shi wannan. Ko sati ba a yi ba 'yan jam'iyyarsa suka cire shi yana kwance da ciwon zuciya suka sa Stanisław Kania, a 1981 suka kore shi daga jam'iyyar, da Janar Jaruzelski, shugaban gwamnati na lokacin, ya kafa dokar soja a Disamba ma har tsare shi aka yi kusan shekara guda.

Ya ƙarasa rayuwarsa shiru a garin Ustroń, yana karɓar fanshon aikin ramin da ya yi a Beljiyam da Faransa, ciwon huhun nan dai na kwal ne ya yi ajalinsa ranar 29 ga Yuli 2001, aka binne shi a Sosnowiec.