Yoyon iska a gefen takunkumi: abin da na gani a cikin motar asibiti

Har yanzu raina yana ɓaci idan na ji an ce majinyaci yana kokawa da na'urar taimakon numfashi, a kawo allurar kwantar da shi, ba tare da an duba ko iska tana zurarewa ba. Wani dattijo mai ciwon huhu muka ɗauko zuwa babban asibiti, da takunkumi a fuskarsa haɗe da ƙaramar na'ura irin wadda ake tafiya da ita.

Da muka hau hanya mai gargada, allon ya nuna numfashi ya haura 30 a minti, alhali hannuna da ke kan ƙirjinsa yana jin ƙasa da haka sosai. Gemunsa da robar abincin da ta bi ta hancinsa sun ɗage gefen takunkumin, har ina jin iskar tana bugun bayan hannuna. Na'urar tana gane mutum ya fara jan numfashi ne idan ta ga iska ta gudana wajensa, misali lita 2 a minti, saboda haka ta ɗauki yoyon a matsayin buƙatarsa, ta riƙa hurawa bai nema ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarshen numfashin. A yadda aka saba saita na'urar, tana daina hurawa idan gudun iskar ya sauko zuwa kashi 25 cikin 100 na ƙololuwarsa. To, yoyon ya hana shi saukowa, sai ta ci gaba da turawa a daidai lokacin da dattijon yake son fitar da iska, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe.

Na ce masa, "Baba, yi haƙuri, yanzu za a gyara." Na sassauta igiyoyin, domin ɗaure su tamau yana lanƙwasa robar ne ya ƙara yoyon, na sake zaunar da takunkumin, na tabbatar na'urar tana kan tsarin takunkumi mai cike gurbin iskar da ta ɓace. Na ɗaga ma'aunin daina hurawar nan zuwa kashi 40, na ƙayyade hurawa kada ta wuce sakan ɗaya da ɗan ɗoriya. Nan take kafaɗunsa suka sauka, ba a taɓa allurar ba.

Yoyon nan kuma ya ci oksijin fiye da lissafinmu, silinda ta yi ƙasa tun ba mu isa ba. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya ya kwatanta yawan iskar da ke shiga da wadda ke dawowa kafin mota ta tashi, ya kuma ɗauki silinda ta biyu.