Abin da na shimfiɗa a tsakar gidanmu

Shekara biyu muka yi a gidan nan tsakar gidanmu tana ƙasa zalla. Da rani ƙura, da damina taɓo. In an kwana ana ruwa, sai an jera bulo ana takawa kafin a isa kicin. Da Allah ya hore 'yan kuɗi a watan Maris, na ce to, bana kam za a yi aikin nan.

Ni da farko tayil na sa a raina. Na gan shi a gidan wani abokina, fari tas, yana ɗaukar ido. Har kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a nan Kano na je na taya, na zo da guda ɗaya gida don a gani. Uwargida ta ce ya yi kyau. Inna kuwa, wadda ta haura shekara 70, karɓa ta yi ta ajiye a ƙasa, ta tsiyaya masa ruwan buta, ta ɗora tafin hannu ta murza. Hannun ya zame sulu. Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, a kan wannan zan riƙa alwalar asuba?" Tsigar jikina ta tashi, don na san tsohon da ya karye a ƙugu ba kasafai yake komawa daidai ba. Akwai tayil mai kaushi da ake yi don waje, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina.

Sai na yi kwana uku ina lura da abin da ake yi a filin nan. Wanke-wanke safe da yamma. Wanki. Daka, wanda turmi kaɗai ya isa ya tsaga tayil. Murhun icce ranar da aka yi baƙi da yawa. Yara suna guje-guje ba takalmi, ga shi a Kano zafin Afrilu yana wuce digiri 40, duk abin da yake da duhun launi in ya sha rana ba ya takuwa. Da daddare kuma nan muke baza tabarmi idan ɗaki ya gagara.

Inna ta so a yi daɓe, kuma na fahimce ta. Ina yaro na ga yadda ake yinsa a ƙauyenmu. Gayyar mata ake yi, a baza marmara, a yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta, suna duka suna waƙa, hannu yana sauka lokaci guda. In ƙasa ta kwanta sai a kwarara mata makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a sake bi da duka. Bayan kwanaki sai ka ga wurin ya yi duhu yana sheƙi, ga sanyi a tafin ƙafa. Har yau ban taka abin da ya kai shi daɗi ba. Sai dai a fili ba ya jure ruwan indararo, yana son gyara a kai a kai, kuma a unguwarmu ban ga inda zan tara mata goma masu madaɓi ba.

Amma daɓen ya amfane ni ta wata hanya. Maginin da na ɗauko, wani dattijo mai ƙarancin magana, da na ba shi labarin sai ya ce, "Alhaji, ai matan nan sun riga mu. Ko me za ka shimfiɗa, in ba a daki ƙasan ba, damina ɗaya zai lotsa." Kwana biyu suka yi ba su taɓa siminti ba. Suka kankare ƙasa mai laushi, suka zuba marmara, suna jiƙawa suna dannewa. Ya ja igiya ya fitar da gangare, wajen santimita 2 a kowace mita, daga bakin ɗakuna zuwa kwata. Wannan gangaren ido ba ya ganinsa, ruwa ne yake ganinsa.

Daga ƙarshe raba filin muka yi. Mafi yawansa intalok muka sa, wato ƙaramin bulon siminti da ake jerawa a kan yashi, mai kaurin santimita 6, tunda mota ba ta shigowa. Mai 8 na inda mota take hawa ne. Abin da ya ja ni gare shi, ruwan sama yana samun hanyar shigewa ta tsakaninsa, kuma in bututu ya fashe sai ka ɗaga 'yan guda ka gyara ka mayar, ba sai an fasa komai ba. Ka dai kula wajen saye. Wasu masu bugawa suna tauye siminti. Maginin ya ɗauki biyu ya gwara su: mai kyau ƙara yake yi, marar kyau gefensa yake marmashewa. Masu bugawa biyu muka fasa saye a wajensu saboda haka.

Wajen famfo kuma ya hana ni sa intalok, kuma gaskiyarsa. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo in ya shiga tsakani ba ya fita, sai wari da tururuwa. Nan kankare aka zuba, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kafin ya bushe ya bi samansa da tsintsiya ya yi masa zane-zane don kada ya yi santsi. Sai ban-ruwa. Kwana 7 muna rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, safe da yamma ana yayyafawa. Mutane da yawa a nan suke asara: rana ta zuƙe ruwan kafin simintin ya kama, wata biyu sai tsaga.

Rumfar da muka kafa a tsakar gidan kuwa ba ta ba ni wahala ba. Gara ta taɓa cinye mana ƙyauren ɗakin ajiya, don haka ginshiƙan ƙarfe na sa. Katakon sama na sayo a Na'ibawa, aka shafe shi da baƙin mai. Na so azarar giginya, wadda gara ba ta iya mata, amma samunta yanzu aiki ne. Kwano muka rufa, muka ɗaura zana a ƙarƙashinsa don ta tare hucin rana.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, a bakin ƙofa na tsaya da tocila ina kallo. Ya bi gangaren ya fice ta kwata, sai wuri ɗaya daidai ƙofar Inna da ya kwanta, faɗin faifai. Da gari ya waye ni da babban ɗana muka ɗaga intalok goma sha biyu, muka ƙara yashi, muka danne, muka mayar. Inna tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno tana nuna mana inda bai daidaita ba.