Ƙannena masu gama sakandare, kada ku yi jinkirin da na yi

Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ta WAEC ko NECO, abubuwa da yawa ne ke yankewa lokaci guda. Babu ƙararrawar safe, babu malamin da zai kira suna ya lura ba ka zo ba, abokai kowa ya kama gabansa. Sai jiran sakamako, sai jiran JAMB, wani ya shekara biyu bai samu gurbi ba. A gida kuwa, yaron da ya daina barci, ya daina cin abinci, ya wuni a ɗaki, lalaci ake ce masa. Yarinya kuma sai a ce aure take so. Alhali bincike ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin mutum ya kai shekara 25.

Ni a wannan zaman ciwon damuwa ya kama ni, kuma na ɓoye. Ina jin tsoron a ce imanina ne ya yi rauni, ina jin tsoron sunan "mahaukaci" ya bi ni har ranar neman aure. Da barci ya gagara, kemis na nufa maimakon asibiti. Ƙwayar da aka ba ni ta kwantar da ni na ɗan lokaci, daga baya ba na iya runtsawa sai da ita. Ta wannan ƙofa matasa da yawa suka faɗa tiramol da kodin. Rahoton wani bincike na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma na tabbata a cikinsu akwai waɗanda magani suka fita nema, ba maye ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ba sai mutum ya fara tsince-tsince a bola ake kai shi asibiti ba. Baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya wuce mako biyu ya isa dalili. Haka faɗuwar gaba marar sababi, ko jin muryoyin da wasu ba sa ji. Ka yanki kati a babban asibitin garinku, ka faɗa wa likita komai yadda yake, shi zai tura ka gaba idan da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya su ma suna da sashen. Likitocin wannan fanni kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ka sammako, ka tafi da wani babba da ka yarda da shi. Idan kuɗi ne matsala ka faɗa tun a gaban likita, domin akwai magunguna masu sauƙin kuɗi da suke aiki.

Kuskuren da ya fi ja mini wahala ya zo ne bayan na fara shan magani. Da na ji sauƙi sai na watsar, ban koma ganin likita ba, ciwon kuwa ya dawo fiye da da. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ana ci gaba da shan sa aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Idan yana sa ka kasala ko jiri, koma a canza maka, kada ka yanke da kanka.

Iyaye za su ce a yi ruƙiyya, a yi rubutu. Kada ku yi musu gardama, addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma Annabi (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani. Inda za ku dage ku ƙi shi ne gidajen mari. A 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Duka da ɗauri ba sa cikin magani.

Wanda kuma ya kai ga jin gara ya mutu, kada ya jira ranar ganin likita. Ya faɗa wa wani a gida yau, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.