Ciwon Kan da Ya Kusa Raba Ni da Ƙanena

Tun da mota ta bige ƙanena a kan babur a hanyar Samaru, lakarsa ta samu rauni a saman gadon baya, ni nake jinyarsa a gidanmu da ke Tudun Wada. Ranar da aka sallame mu an ja mana kunne sosai a kan gyambon kwanciya, aka ce mu riƙa juya shi duk bayan awa 2, kuma mun riƙe wannan da kyau. Abin da yake ci mini rai har yau shi ne babu wanda ya ambata mana haɗarin da ya fi gyambo saurin kisa.

Wata rana bayan la'asar ya ce mini, "Yaya, kaina zai tsage." Gumi yana ta tsattsafo masa a fuska da wuya, hancinsa ya toshe, ƙafafunsa kuwa sanyi ƙalau. Hajiya ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, a kwantar da shi a ba shi magani. Allah ya sa maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce. Tana shigowa ta hana a kwantar da shi, ta sa muka tashe shi zaune ƙafafunsa suna lilo, ta kwance masa tazuge, sannan ta bi robar fitsarin da aka sa masa da hannu har ta gano ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarsa, jakar kuma babu ko ɗigo. Jininsa da ya saba zama a kan 100 ya haura 170. Tana warware robar fitsari ya zubo, cikin 'yan mintuna ciwon kan ya lafa.

Likitoci suna kiran wannan larura otonomik disrifleksiya, kuma ta fi samun waɗanda rauninsu yake daga ƙashin baya na T6, wato wajen saitin ƙirji, zuwa sama. Mafitsara takan cika ba tare da mutum ya ji ba, jijiyoyin jini na ƙasan raunin su tsuke, saƙon ƙwaƙwalwa na su saki kuma ya kasa wuce wurin raunin, sai jini ya yi ta hawa har ya iya jawo shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya ko mutuwa. Taurin bayan gida, matsattsun kaya, gyambo, har ƙumbar da ta shige cikin nama duk suna iya tayar da ita. Kwantar da shi da muka so yi ƙara hawan jinin zai yi, kuma wannan ne yake tayar mini da hankali duk sanda na tuna, domin bayanin minti 5 a ranar sallama ya isa ya tsare mu.

Yanzu na'urar awon jini tana gefen gadonsa, kuma duk wanda ya juya shi sai ya duba robar daga sama har jaka. Na rubuta sunan larurar da matakan da za a ɗauka a takarda na maƙala a jikin kekensa, saboda ba kowane ma'aikacin lafiya ne ya taɓa cin karo da ita ba. Idan an gyara robar amma jinin bai sauka ba, asibiti za a nufa nan take, yana zaune.