Abin da yaran ƙauyenmu ke kwaikwaya daga 'yan ƙwallo

Ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa, kuma ni ne nake kula da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yaran unguwarmu, waɗanda shekarunsu ke tsakanin goma da goma sha biyar. Tun da aka buɗe gidan kallon ƙwallo a bakin kasuwa, inda ake tayar da janareta a nuna gasar Firimiya ta Ingila, na lura cewa maganar 'yan wasan nan ta fi ta malami shiga kunnen yaro. Abin da ya dame ni shi ne irin abin da suke ɗauka: askin kai, da salon murnar cin ƙwallo, da faɗuwar ƙarya don a yaudari alƙalin wasa, da ɗaga masa murya idan ya busa usur. Ban ga laifinsu ba, domin talabijin minti casa'in kawai take nunawa, ba ta nuna shekarun da ɗan wasa ya yi yana shan wahala kafin a san sunansa.

Saboda haka na ware yammacin kowace Alhamis, ranar da babu makarantar allo, muna zama a ƙarƙashin darbejiya bayan atisaye, ina ba su tarihin ɗan wasa guda tun daga tushe. Da Ahmed Musa na fara, domin yaran sun san ƙungiyar da ya buga wa, Kano Pillars, wasu ma yayyensu sun taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Sun riga sun san ƙwallaye biyun da ya zura wa Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, da biyun da ya zura wa Iceland a 2018. Abin da ba su sani ba shi ne a nan gida ya fara yin fice, inda ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya ta kakar 2009/2010, sannan da ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi sai da ya jira ya cika shekara 18 kafin ya buga mata wasa, saboda dokar hukumar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin wannan shekarun sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Na kuma gaya musu cewa bayan ya buga a Rasha da Ingila da Saudiyya, ya dawo ya sake sanya rigar Sai Masu Gida, wato Kano Pillars, a 2021, kuma ya gina cibiyar wasanni a Kano.

Wannan batu na shekara 18 ya yi mana rana. Wani baƙo ya zo garinmu yana cewa zai kai ɗaya daga cikin yarana Turai gwaji, muddin aka biya kuɗin fasfo da na jirgi, har mahaifin yaron ya fara maganar sayar da shanun huɗarsa. Yaron da kansa ya ce, "Baba, Malam ya ce ko Ahmed Musa sai da ya jira, ni kuwa ban kai sha biyar ba." Da uban ya same ni, na ce masa, "Alhaji, ƙungiyar da take son yaro da gaske ita ce ke kashe kuɗi a kansa, ba ta karɓa daga hannun ubansa." Shanun suna nan a turke har yau.

Tarihin Sadio Mane ya fi taɓa su, domin ɗan ƙauye ne kamarsu. A Bambali da ke kudancin Senegal ya tashi, mahaifinsa liman ne, ya rasu Mane yana ɗan shekara bakwai, a lokacin garin ba shi da asibiti. Da Allah ya ɗaukaka shi sai ya gina wa garin makaranta da asibitin da aka buɗe a 2021. Amma akwai wani ɓangare da na daɗe ina tunani kafin in faɗa, wato yadda ya gudu daga gida zuwa Dakar yana matashi ba da sanin danginsa ba. Na zaɓi in faɗa, domin idan na ɓoye za su ji shi a waya, daga nan su daina yarda da ni. Na bayyana musu cewa an dawo da shi gida, kuma tafiyar da ta yi albarka ita ce wadda ya yi daga baya da yardar iyayensa. A ganina wannan ne aiki mafi nauyi ga mai kula da yara, domin ɗan wasa mutum ne mai kuskure, kuma sai babba ya zauna da yaro ya rarrabe masa tsaki da tsakuwa.

Na kuma gane cewa wanda ake iya gani da ido ya fi na talabijin amfani. Nakan kawo musu misalin Rabi'u Ali, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana yi wa Kano Pillars wasa, yana cikin waɗanda suka ci kofin gasar Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, bai kuma zama attajirin Turai ba, amma ya samu mutunci a gida. Ina gaya musu gaskiya cewa da wuya a samu ko ɗaya a cikinsu da ƙwallo za ta ciyar, saboda haka dokar ƙungiyarmu ita ce wanda bai je boko da islamiyya ba, ko ya ƙi taya mahaifinsa aikin gona da damina, ba zai buga wasan mako ba.

Abin da har yanzu nake fama da shi shi ne caca. Tallarta tana fitowa a jikin riguna da allunan gefen fili a wasannin da yaran ke kallo, samarin da suka girme su kuma suna buga ta a waya a gabansu. Na kai maganar gaban mai unguwa da limamin masallacin Juma'a, an kuma kira mai gidan kallon, ya amince zai riƙa sallamar ƙananan yara da zarar an kira magariba, kuma zai hana buga caca a cikin rumfarsa. Wasannin dare yanzu sai dai in ba su sakamakonsu da safe a makaranta.