Ranar da na raka Jatau kwata

Mu nan Maiurno ta ƙasar Sudan duk gidan da ke da ɗan hali za ka ga saniya ɗaya ko biyu a zariba, galibi irin shanun da ake kira Kinana saboda nono, to matsalar saniyar nono in ta haifi namiji kowa ya san inda zai ƙare, madara ba ya bayarwa sai ci, ko ka sayar da shi yana ƙarami ko ka turke shi ya yi nama. Wannan tun ina yaro na san shi, amma wallahi ranar da abin ya zo kaina sai na ji kamar ban taɓa sani ba.

Maraƙina Jatau ja aka haife shi kamar yadda maruƙan Kinana suke zuwa, kafin wata shida jikin ya juye toka-toka irin na uwarsa amma sunan ya riga ya bi shi. Uwar ta mutu yana da sati uku, ta faɗa gonar abu sab'in, wato dawar da ake shukawa don abincin dabbobi, tun yana ɗanye bai isa yanka ba, kuma duk mai kiwo ya san ƙaramar dawa guba ce ga shanu, kafin mu ankara ta kwanta. Shikenan muka koma ba shi madara a kwalba, autarmu lokacin shekararta biyar ita ke riƙe masa, har ya zama in ta fito da safe ya dinga bin ta yana lasar gyalenta. Ni kuma ƙarar babur ɗina ya sani, tun daga bakin layi zai fara kuka.

Shekara uku muna tare. Ambaz, wato tunkuzar gyaɗa ko riɗi da ake ba shanu, ya yi tsada, karan dawa ma sai an saya, ga damina ta matso ana neman kuɗin tarakta da iri, ga na makarantar yara, lissafi dai ya ƙi. Na taɓa sayar da wani sa a kasuwar Sinnar, dillali ya haɗa ni da masu kai shanu kasuwar Muwailih a Omdurman, ina tsaye aka loda shi a lori da duka da murɗa wutsiya, aka cusa shi cikin baƙin shanu zai yi tafiyar kusan kilomita 300 a rana tsaka, kuɗin na aljihuna amma har na isa gida ban yi magana da kowa ba. Saboda haka wannan karon na ce a'a, mahaucin garinmu zan ba ko da kuɗin bai kai ba, kuma gaskiya bai kai ba, amma da sharaɗin ni zan kawo shi da ƙafata in tsaya har a gama.

Kuskuren da na yi kuwa da yarinyar ne. Na ce mata za a kai shi gonar kawunta, ina ganin sauƙi nake mata, kwana biyu yaran maƙwabta suka faɗa mata gaskiya a wajen wasa. Ba kukan da ta yi ne ya dame ni ba, tambayar ce, ta ce Baba me ya sa ba ka bari na yi masa sallama ba. Ban da amsa, har yau ban da ita.

Bayan sallar asuba muka fita, igiya a hannuna amma ko ja ban yi ba, bina kawai yake kamar za mu bakin bahar, wato kogin Nilu, shan ruwa, wannan biyayyar ita ta fi komai ci mini rai. Da muka isa na ba shi ruwa, likitan dabbobi ya duba shi, na ce wa mahaucin Malam dan Allah kar a wasa wuƙa a gabansa kuma kar a yanka wani yana kallo, ya ce ai haka Annabi (SAW) ya yi umarni, a kyautata yanka a hutar da dabba, bai ji haushi ba ko kaɗan. Aka kayar da shi aka fuskantar da shi alƙibla, hannuna na kan goshinsa ina shafawa, Bismillahi Allahu Akbar, abin bai ɗau lokaci ba. A wurin ban yi hawaye ba, sai a hanyar dawowa da na ga igiyar ce kaɗai a hannuna.

Mahaucin ya aiko mana da hanta da tsoka mai kyau, uwargida ta raba wa maƙwabta duka, ba wanda ya ce don me. Sauran naman masu agashe, wato tsire, suka kwasa, sana'ar mutanenmu ce da duk Sudan ta san mu da ita, ni da ba na wuce teburin agashe sai da na yi sati biyu ina canza hanya in na ji ƙamshin.

Yanzu ɗayar saniyar tana da ciki. Na zaunar da autar na ce mata in namiji ne wata rana shi ma za a yanka shi, kuma zan faɗa mata kafin ranar. Ta yi shiru can ta ce to, amma ita za ta sa masa suna.